Eci, Layi na Huɗu, na Shida

Zuwa ga 'Yar Wurno,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci wanda ya riga mu isa gidan gaskiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, kwanciyarki ta zama hutawa. Mu nan Ƙofar Marke muna nan yadda kinka bar mu, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwa ta ƙi, idon hagu ya tafi, na dama yana shawara.

Kin san ban iya rubutu ba, ba yau ba. Autarki Balki ce zaune gabana da waya, ina faɗi tana latsawa, goyonta na barci a bayanta. Ta ce za ta sa inda mutane za su karanta. Na ce ta sa. Abin da na yi gaban mutane na yi shi, ba sauran abin ɓoyo. Na dai ja kunnenta kada ta gyara mini magana, don na san halinta, naki ta ɗauko.

Damina tara ke nan da tafiyarki. Ba labarin gida na zo ba ki ba, laifi na zo faɗa miki. Na ɓatar da kushewarki, 'Yar Wurno. Ni, da hannuna. Kuma yadda na gane ta ya fi ɓatar da ita muni.

Bari in bi miki shi daki-daki, ko don masu karantawa da ba su san mu ba.

Sama da shekara hamsin ina aikin maƙabartar unguwarmu. Ƙa'idar wurin ɗaya ce: in anka kawo karan da anka auna mamaci da shi, magina su tsaya da diga a kafaɗa su jira ni. In na nuna da sanda na ce nan, a sara. In na ce akwai mutum, ko wa ya aiko sai a matsa gaba. Ba mu rubuta suna a kan kushewa, haka munka iske iyayenmu. Itace da suri da fasassun tukwane, su ne littafina. Mutum ya taho daga Ikko ko daga Agadas ya ce ubansa yake nema, in tambaye shi wace shekara, da rani ko da damina, in ja shi har wurin ban yi tuntuɓe ba.

Na yi alfahari da wanga abu, ba zan yi musu ba. Ke kaɗai ce ba ya burge ki. Kina tankaɗe kina cewa, "Malam, kan nan naka nama ne fa, ba dutse ba. Ka riƙa nuna wa wani." Ni kuwa in ce wa zan nuna wa, duk wanda na ɗauko bai kai wata biyu yake gudu ya koma kabu-kabu da babur. Ki ce, "To ka rage faɗa mana."

Ranar da kinka rasu abokan aiki sunka ce in zauna in karɓi gaisuwa, su za su gina. Na ƙi. Ni na zaɓa miki wuri, taki bakwai gabas da tsohuwar aduwa, inda ƙasa ke da ƙarfi ba ta zubewa. Ni na sara, ni na gyara 'yar ciki, ƙaramin ramin da ake kwantar da mamaci, da hannu. Da anka zo rufi, bayan tukwanen da anka saya, na aika gida aka ɗauko randarki ta bakin ɗaki. Wadda kinka zo da ita daga Wurno. Wadda ta tsage shekarar da anka haifi ɗanmu Umaru, na liƙe ta da simintin da na roƙa wurin wani direban kamfanin siminti na Kalambaina, kinka yi ta dariya kina cewa na mai da randa soro. Ita na fasa biyu na rufe wajen kanki.

To a nan laifin fari ya soma. Na bar fili bayanki, wajen yamma, daidai tsawon mutum guda. Duk ranar da magina sunka doshi wurin sai in ce akwai mutum. Babu kowa, 'Yar Wurno. Kaina na aje wa. Shekara tara ina wagga ƙarya da bakin da mutane sunka yarda da shi kamar rantsuwa. Ni da na kori attajirai da sunka zo neman in kama musu wuri kusa da iyayensu, na ce musu ba a kama wa mai rai wuri.

Shekara uku da ta wuce kwamitin unguwa ya taso da sabon tsari. Malam Nasiru ne sakatare, ɗan marigayi mai gyaran keke, wanda kike ƙara wa ƙosai yana yaro. Yanzu ya yi furfura, yana aiki a wani ofis a Sama Road. Har gida ya zo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ba raina ka munka yi ba. Tsoron ranar da za mu nema mu rasa muke yi."

Tsarin nasu shi ne a raba maƙabarta shiyya-shiyya. Kowace shiyya a kafa mata ƙarfe guda mai allo a kai, daga gindin ƙarfen nan ake fara ƙirga, layi na kaza, kushewa ta kaza, a rubuta a littafi. Na yarda, amma ba don na ga amfaninsa ba. So nike su ga abin da ke cikin kaina. Kwanaki muna zagayawa, ina faɗi yana rubutawa, har biro ya ƙare masa ni ban ƙare ba.

Da munka iso kanki ya ce wa ke nan. Na ce iyalina. Ya ce, "Suna, Baba." Na ce ka rubuta iyalin Altine, in ba ka iyawa ka bar wurin fari. Ya sunkuyar da kai ya rubuta. Ya nuna filin bayanki. Na ce akwai mutum, baƙo ne, ba a san sunansa ba. Ya rubuta baƙo. Kin ga ƙaryata ta shiga littafi.

Ranar da anka kafa ƙarafan na zo na iske na shiyyarki tsaye, an zuba masa siminti a gindi. A kan allon an yi wani zane da farin fenti, sanda biyu a tsaye, ɗaya ta gitta tsakaninsu. Na ce wa Nasiru wannan mi ne ne. Ya ce Eci. Na ce Eci mi? Ya ce Eci kawai, sunan harafi ne na Turanci, shi ne na takwas, wagga kuwa ita ce shiyya ta takwas. Na ce to mi yake nufi? Ya ce, "Ba ya nufin komai, Baba. Sunansa ke nan."

'Yar Wurno, sai na ji jinina ya hau. Karatuna bai wuce babbaƙu ba, ubana ya cire ni ya kai ni gona, amma ko a nan na san ha kuri da ha babba, na san lam jaye da an baki wofi. Kowane sunansa na faɗa maka kamarsa. Wannan fa? Shekara arba'in da ɗaya muna tare ban taɓa buɗe baki na kira sunanki na yanka ba, don kunya da ganin girmanki. Sai yanzu da ba ki iya cewa komai a zo a liƙa miki sunan da ko mai shi ya ce ba ya nufin komai? Mutum ya zo ya ce ina ta Eci, kamar ana neman buhu a sito?

Washegari da sassafe, tun simintin bai gama kamawa ba, na girgiza ƙarfen na tuge shi. Na cike ramin na daddaɓe, na jefa ƙarfen ɗakin da muke aje diga da shebur. Nasiru ya zo ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce ƙirgan shiyyar duka daga gindin ƙarfen nan ya tashi, in babu shi abin da ke littafi ya zama banza. Na ce muddin ina numfashi aduwa ta ishe ni. Na ce in kun mai da shi, ku nemi wani mai nuna muku wuri. Sunka dubi furfurata sunka ƙyale ni. Sauran shiyyoyi na da ƙarafansu, taki babu.

Na ci nasara ke nan. Har na ba da labari a majalisa ana dariya.

Bana da damina ta kama, ciwon ƙirji ya kwantar da ni. Wata biyu ban taka ƙofar gida ba, Balki ta baro ɗakinta ta zo tana jinyata. Ina kwance anka yi wani ruwa mai iska da ya rusa katangar maƙabarta ta wajenki. Ruwan unguwa duka ya bi ta nan. Ba wanda ya gaya mini, wai kada hankalina ya tashi.

Ranar da na samu ƙafa na tafi. Na shiga ƙofa na bi hanyar da na saba, ina neman inuwar aduwa da idona guda. Babu aduwa. Iska ta kayar da ita, masu itace sun sassare, masu gyaran katanga sun tono kututturen sun cike gurbin. Surin da ke kudu da ke ya narke. Tudun kushewu duk ruwa ya shafe, wuri ya koma fili ɗaya, ciyawa ta rufe shi har gwiwa, kamar ba a taɓa kwantar da kowa ba.

Na tsaya. Na juya gabas, na juya yamma. Na yi taki bakwai daga inda nike zaton aduwar take, na dawo na sake yi daga wani wuri. Ƙafata ma ba irin ta da ba ce, takina ya gajarta. Na nemi hoton wurin a kaina, abin da bai taɓa ƙi mini ba, sai na iske shi ma ruwa ya bi ta kansa.

Da na gaya wa wani a ranar, da abin ya zo da sauƙi. Ban faɗa ba. Juma'a uku ina zuwa in tsaya tsakiyar ciyawa in yi miki addu'a, ban san kan wa nike tsaye ba. In na dawo Balki ta ce, "Baba, ka gai da Inna?" In ce na gaishe ta. Ita mace ce, ba ta taɓa shiga ta ga wurin ba. Umaru yana Ikko, rabonsa da gida shekara huɗu. Duk duniya ni kaɗai na san inda kike, ni ɗin kuma ban sani ba.

Sai ranar wata Talata da hantsi anka kawo karan wata tsohuwa daga bayan kasuwa. Sauran shiyyoyi sun cika, taki ce ke da sauran fili. Magina biyu sunka tsaya gabana da diga, sunka ce, "Baba, ina?"

Kalma uku ce kawai, 'Yar Wurno. Ban sani ba. Yaro ma na iya faɗinta. Na dubi mutanen, na dubi karan, bakina ya ƙi. Na ɗaga sanda na nuna wani wuri da na ɗauka ya yi nisa da ke, na ce nan.

Na zauna kan bokiti a kife ina kallonsu. Sun kai kamar gwiwa sai na ji ƙarar. Duk mai wagga sana'a ya san ta, ƙarar diga in ta sami tukunya ba irin ta dutse ba ce. Mai ginin ya tsaya cak. Ya ɗago ya dube ni, ya ce a hankali, "Baba, akwai mutum."

Maganata ce ya maido mini.

Na rarrafa na sauka ramin, na share ƙasa da tafin hannu don in ga ko na gane tukunyar wace shekara ce. Yatsana ya faɗa kan wani abu mai kaushi. Siminti. Na bi shi da yatsa tun daga baki har ciki, yadda na shafa shi da kaina shekaru arba'in da sunka wuce. Bakin diga ya sami randar a kafaɗa ya tsaga ta.

Ban ga komai naki ba, Allah ya rufa asiri, rufin bai buɗe ba. Amma na sa an sara a kanki. Ni da na gina miki don kada hannun wani ya yi miki gaggawa.

Ban san tsawon lokacin da na yi durƙushe a ramin nan ba. Na dai san makara ta iso, mutane na tsaye cikin rana da gawar tsohuwar da ba ta yi mini laifin komai ba. Na miƙe na ce musu wagga kushewar iyalina ce, ni na nuna, ban san wurin ba na ce na sani. Anka aika a kira Nasiru, ya zo da littafinsa, da ƙyar ya samo wa tsohuwar wani ɗan gurbi da ya rage a wata shiyya. Ni kuwa na liƙa wani ɓallin tukunya a kan tsagar, na mai da ƙasarki da hannu, ban bari an sa shebur ba.

Da mutane sunka watse Nasiru bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na ji sauƙi. Buɗe littafi ya yi ya ce, iyalin Altine, layi na huɗu, gurbi na shida. Ya ce tunda an san inda kike, ana iya ƙirgawa da baya a gano gindin ƙarfe. Haka anka yi, da igiya da karan awo. Ke kinka nuna musu. Daga kanki anka samo mutanen shiyyar nan da na ɓatar, ban da 'yan bakin katanga da har yanzu ana shakka. Waɗannan suna wuyana.

Ni na shiga ɗakin kaya na ɗauko ƙarfen, ya yi tsatsa. Sunka ce in kawo su ɗauka, na ƙi. Na riƙe shi tsaye har anka gama zuba siminti.

A nan na gaya wa Nasiru sauran. Na ce baƙon nan na bayanki babu shi. Ya ja layi a kan kalmar. Na ce to ka bar mini wurin. Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba, ranar na roƙi ɗan mai gyaran keke. Ya ce, "Baba, wallahi da nawa ne da na ba ka. Amma kai ka koya mana, ba a kama wa mai rai wuri."

Ban ja ba. Da wane baki?

Bayan kwana biyu na tsallaka gidan Malam Bitrus, tsohon malamin firamare, mijin ƙawarki Maman Rahila. Tana gaishe ki, har yanzu in ta dama kunun tsamiya sai ta aiko mini, ta ce rabon Inna ne. Na iske shi kan dakali na ce ya koya mini Eci. Ya cire tabarau ya ce, "Kai, Altine? Shekara talatin ina binka da alli kana guduna."

Ya zana mini shi a ƙasa da tsinke. Ya ce su Turawan ma ba su gama shiryawa a kansa ba, wasu su ce Eci wasu su ce Heci, har suna yi wa juna gori. Ya ce aikinsa a magana ɗan huci ne kawai, kamar ha ɗinmu. Ya ce shi da 'yan uwansa ba karatu kaɗai ake yi da su ba, da su ake kiran aji a makaranta, da ɗaki a asibiti, da layi a sabbin unguwanni, don baƙo ya zo ya gane wuri ba sai ya nemi tsoho ba.

Na ce duk na ji, amma mi ye amfanin sunan da ba ya nufin komai? Ya ce, "Amfaninsa ke nan. Ba ya tsufa, ba ya ciwon ƙirji, ba ya jin kunyar cewa bai sani ba. Yana nan inda anka aje shi, sai fa in wani tsoho mai taurin kai ya zo ya tuge."

Na so in yi fushi, ƙarfin bai zo ba. Na karɓi tsinken na zana nawa. Sandunan sunka karkace, ya ce ba laifi, an gane.

Har yanzu ba na son sunan nan, kada ki ce na sauya. Ba ya da daɗi a baki, ba ya kama da ke. Amma na kira Umaru na sa ya maimaita sau uku: Eci, layi na huɗu, na shida. Na sa Balki ta koya wa 'ya'yanta maza. Abin da kinka ce in yi tun kina tankaɗe, sai yanzu na yi.

Ba a tambayata wurin sara yanzu, littafi ake buɗewa. Ina dai zuwa in zauna gindin ƙarfen, tunda babu aduwa. Shiyyarki ake ginawa. Gurbi uku ne sunka rage, shekaranjiya anka rufe wani mai facin taya a na farko. Saura biyu, na bayanki ne na ƙarshe. Ba na roƙon Allah ya gaggauta mini, haramun ne, kuma ba na roƙon ya jinkirta wa kowa don ni. Ina dai ƙirgawa, ba zan ɓoye miki ba.

In wani ya riga ni, ki karɓe shi da haƙuri, kin saba zama da maƙwabta. Ni duk inda littafi ya nuna a sa ni. Na dai roƙi Nasiru abu guda, ya kuma yarda: jiya na je ya goge iyalin Altine, na faɗa masa abin da zai rubuta. Sai da na faɗa sau biyu, don na farko bai fito ba.

Ki yafe mini saran nan. Ki yafe mini randarki da na fasa sau biyu. Ki yafe mini taurin kan da kinka yi shekara arba'in da ɗaya kina ɗauka.

Balki ta tsaya da rubutu tana kallona, don ta san abin da ke tafe, ba ta kuma taɓa jin shi a bakina ba. Rubuta, Auta.

Allah ya jiƙan Hadiza. Allah ya yalwata mata makwanci, ya sanyaya shi, ya haskaka shi. Allah ya jiƙan mutanen bakin katanga da na ɓatar, shi da ba ya buƙatar ƙarfe ko aduwa kafin ya gane bawansa. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu inda ba a ɓata. Amin.

Ni ne mijinki,
Altine mai gina kushewa,
Ƙofar Marke, Sakkwato.